Yadda nake zaɓen masauki mai sauƙin kuɗi idan na je sari Istanbul

Duk sanda wata 'yar'uwa ta samu bizar Turkiyya, tambayar farko da take turo mini ita ce, "Hajiya, wane otal ne ya fi arha?" Ni kuma nakan tambaye ta me za ta saro, kwana nawa kuma za ta yi. Sai na ji wannan nake iya ba ta amsa, domin a Istanbul masauki yana cin kuɗi ta hanyoyi da yawa bayan kuɗin ɗaki. Akwai kuɗin tasi, akwai na 'yan dako, akwai kuma lokaci, wanda ga mai kwana biyar ko shida ya fi komai tsada.

A tafiyata ta farko na koyi wannan. Wanda ya haɗa mini takardu shi ya kama mini otal, ya ce ya samo mai rahusa, sabon gini, ɗaki fes. Bai yi ƙarya ba, ɗakin yana da kyau. Sai dai a Esenyurt yake, can yammacin birni, ni kuwa kasuwata tana Laleli. Kullum da safe sai in hau ƙaramar mota zuwa tashar doguwar bas ɗin da suke kira Metrobüs, in yi tsayuwa cikin cunkoso har tashar Cevizlibağ, sannan in sauya zuwa jirgin ƙasa. Kafin in taka shagon farko awa ɗaya da rabi ta wuce. Da yamma kuma, da manyan ledoji huɗu a hannu, ba yadda za a yi in shiga wannan turmutsutsun, dole sai tasi. A daren ƙarshe da na zauna lissafi, abin da na ba masu tasi ya haura abin da na rage a kuɗin ɗaki, ga shagunan da na yi niyyar zagawa ko rabinsu ban kai ba. Har na dawo Kano abin yana cina a rai.

Saboda haka ki fara da taswira, farashi ya biyo baya. Buɗe wayarki ki nemo layin tiram mai lamba T1. Tiram ƙaramin jirgin ƙasa ne da ke bin tsakiyar titi, wannan layin kuwa ya tashi daga Kabataş har Bağcılar, kuma kusan duk inda ɗan kasuwa ke nema yana bakinsa. Eminönü ta kayan gida da na kicin, Beyazıt inda babbar rufaffiyar kasuwa Kapalıçarşı take, ga Gedikpaşa ta takalma da jakunkuna a gefenta, sai Laleli, Aksaray, Yusufpaşa, Haseki, Fındıkzade, har can Zeytinburnu da Merter inda ake sarin ɗinkakkun kaya. Na rubuta sunayen yadda za ki gan su a allon tasha, harafin ş kuma "sh" ake furta shi. Mai zuwa Osmanbey, wata unguwar sarin tufafi, sai ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa M2 daga Vezneciler, 'yar tafiya ce a ƙafa daga Laleli. Kati ɗaya, Istanbulkart, shi ke biyan tiram da metro da bas har da jirgin ruwa.

Ƙa'idata ita ce kada otal ya wuce tafiyar minti biyar zuwa bakwai a ƙafa daga tashar T1. A kan layin ma akwai bambanci. Sultanahmet unguwar masu yawon buɗe ido ce, za ki biya kuɗi mai yawa a ƙaramin ɗaki saboda kusanci da manyan masallatan tarihi, ke kuma aiki ya kawo ki. Laleli da Aksaray su ne tsakiyar kasuwa, otal birjik, amma hayaniya ba ta yankewa. Ni na fi son Haseki ko Fındıkzade. Tasha uku ko huɗu ce kawai daga Laleli, unguwar iyalai ce, da gidan burodi da kantin magani a bakin layi, kuma sau da yawa a can nake samun ɗaki mai tsafta a kuɗin da ba zai ba ni irinsa a Laleli ba.

Akwai abin da taswira ba za ta nuna miki ba, wato tudu. Babban titin da tiram ke bi a Laleli, Ordu Caddesi, a sama yake. Duk lungunan da ke kudu da shi gangara ce zuwa teku, wajen Kumkapı da Yenikapı. Sai ki ga otal a waya kamar ga shi ga tasha, ashe kowace safiya hawan tudu za ki yi a kan titin duwatsu, akwati yana ƙara yana tirjewa. Mai ciwon gwiwa ko wadda ta taho da tsohuwa ta kula da wannan sosai. Ki duba hotunan titin a Google kafin ki kama. Da wannan duban kuma za ki ga su wa ke maƙwabtaka da otal ɗin, domin wasu lungunan Aksaray da rana kasuwa ne, da dare kuma gidajen rawa ne ke buɗewa. Mace mai dawowa ita kaɗai bayan Isha ba ta buƙatar ratsa irin wannan wuri don rangwamen 'yan kuɗi kaɗan.

Idan kin tsayar da otal biyu ko uku, karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta. Ni daga masu ƙorafi nake farawa, kuma na 'yan watannin nan. Idan mutum ɗaya ya ce an ɓata masa rai, ba komai ba ne. Idan mutum huɗu da ba su san juna ba suka ambaci kuɗin cizo, ko warin danshi, ko rashin ruwan zafi, to na wuce wurin.

Sai kamun ɗakin kansa, kuma nan ne na fi son ki saurare ni. Masu ba da biza suna son ganin shaidar masauki ta duk kwanakinki, to ki raba kamun gida biyu. Kwana biyun farko daban, sauran kwanakin daban a tsarin da za ki iya sokewa ba tare da tara ba, ki kuma rubuta ranar da damar sokewar ke ƙarewa. Kada ki biya kuɗin mako guda a ɗakin da hotonsa kawai kika gani. Ki gama wannan tun kina gida, domin tun 2017 kotun Turkiyya ta hana shafin intanet na Booking.com kama otal ɗin cikin ƙasar ga wanda yake cikin ƙasar. Da kin sauka, ƙofar ta rufe. Ki ɗauki hoton takardar da adireshin a rubuce da Turkanci, ki buga kwafi ɗaya ki sa a jakar hannu. Idan wani ne ya kama miki, ki karɓi sunan otal ɗin ki tura musu saƙo da kanki su tabbatar da sunanki yana littafinsu.

Ranar da kika isa, kafin ki buɗe akwati ki duba ɗakin. Wata shekara cikin watan Janairu na sauka wani ƙaramin otal a Laleli. Yaron da ke karɓar baƙi ya ɗauki makulli ya nufi ƙasa da ni maimakon sama. Yana buɗe ƙofa wani wari irin na rigar da aka ninke ba ta bushe ba ya buge ni. Na yaye labule, sai ga bango, ko taga babu. Na ɗora hannu a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, sanyi ƙalau. Na ce masa a nuna mini wani. Ya ce, "Abla, duk ɗaya ne." Abla a harshensu yaya ce, haka suke kiran mace don girmamawa. Na tsaya a bakin ƙofa da akwatina ban shiga ba, ban kuma ɗaga murya ba. Bayan ya yi waya sai ga makullin hawa na uku, da taga mai kallon titi, a kuɗi ɗaya.

Tun daga ranar ga abin da nake yi a minti biyar na farko. In buɗe famfon ruwan zafi in bar shi ya zuba har in ji zafin a hannuna. In ɗaga zanin gado in duba ɗinkin katifa. In gwada sakatar ƙofa ta ciki. Da sanyi in taɓa abin ɗumama ɗaki, da zafi in kunna na sanyayawa. Lifta ma abin dubawa ce, domin a tsofaffin gine-ginen nan wata mutum biyu kawai take ɗauka, wani ginin ma babu ita sam. Bandakinsu yawanci yana da ɗan bututun tsarki a jikin masai, amma ni ba na rabuwa da 'yar butata. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, ki taho da adafta.

Idan ɗakin ya yi miki, to yanzu ne lokacin ciniki. Ki je wajen manaja da safe ki ce za ki ƙara kwana huɗu, kuɗi a hannu, nawa zai bar miki. Shafukan intanet suna cire kamasho daga kowane ɗaki, shi ya sa sau da yawa yakan sauko idan kai tsaye za ki biya. Kalmar rangwame a wajensu "indirim" ce. Ki tambaya da wane kuɗi ake magana, yuro ko lira, kuɗin Turkiyya, tunda darajar lira tana yawan sauka kuma otal da yawa da yuro suke yanka farashi. Ki tambaya ko harajin masauki na kashi 2 cikin 100 da aka fara karɓa a Janairun 2023 yana ciki, da karin kumallo. A rubuta miki jimilla a takarda, ki karɓi rasit, sannan ki soke wancan kamun na biyu. Idan ɗakin bai yi ba, kina da kwana biyu na leƙa otal ɗin da ke hanyarki ta kasuwa.

Karin kumallonsu burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da kokwamba da dafaffen ƙwai, sai baƙin shayi a ɗan kofin gilashi. Yana riƙe ciki har azahar, don haka ɗakin da ya haɗa da shi ya fi. Nakan taho da madarar gari da garin kunu da yajina, in nemi butar lantarki. Abincin rana kuma a lokanta, inda za ki nuna shinkafa da wake da miya da yatsa a zuba miki.

Kada ki biya kuɗin babban ɗaki don ajiyar kaya. Shagunan sari suna kai kaya kai tsaye ofishin kago da kika zaɓa, ke dai ki riƙe rasit. Ƙananan ledoji kuma otal na ajiye su a abin da suke kira "emanet", amana ke nan.

Ku uku ko huɗu kuna iya haɗa kuɗi ku kama ɗaki mai gadaje uku, ko gida sukutum mai kicin. Game da gida, tun Janairun 2024 doka ta wajabta wa mai ba da haya ta kwana 100 ko ƙasa da haka ya samu izinin ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, ya kuma liƙa allon shaida a ƙofa. Ku nemi lambar izinin kafin ku tura ko sisi. Kowane masauki na halal zai karɓi fasfo ya shigar da bayananki, ya miƙo miki abinki nan take. Wanda bai tambaya ba, da wanda ya ce zai riƙe, duka ki bar su.

Ki daidaita kwanakinki da ranakun kasuwa. Kapalıçarşı ba ta buɗewa ranar Lahadi, haka shagunan sari da yawa, to kwanan Lahadi a tsakiyar tafiya kuɗi ne a banza. Daga bazara zuwa ƙarshen zafi ɗakuna na tsada, Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi ga mai jure sanyi da ruwan sama. Yawancin otal sai wajen ƙarfe 2 na rana suke ba da ɗaki, idan jirginki da asuba zai sauka ki sanar da su tun da wuri. Kada kuma "kusa da filin jirgi" ya ruɗe ki. Tsohon filin Atatürk ya daina karɓar jiragen fasinja tun Afrilun 2019, sabon yana da nisan fiye da kilomita 40 daga Laleli, kuma bas ɗin Havaist na kawo mutum har Aksaray a kuɗin da bai kama ƙafar na tasi ba.

Ranar tafiya, idan wurin ya yi miki, ki karɓi lambar WhatsApp ta manajan, ki rubuta lambar ɗakin da kika kwana a bayan katinsu. Zuwa na gaba, mako biyu kafin ki tashi, ki tura masa saƙo ki nemi wannan ɗakin da lambarsa.