Kurakuran da aka fi yi in ana maganar me ya sa basirar ɗan Adam ta zarce ta dabbobi

Kwanaki muna zaune teburin mai shayi da daddare wani ƙanen abokina ɗan SS3 ya taso da maganar, wai an yi musu darasin juyin halitta a bayoloji kuma shi abin da bai gane ba, in dai haka ne me ya sa mu kaɗai muka yi wayo har muna ƙera jirgi sauran dabbobi suna nan jiya-i-yau. Kafin ya rufe baki an yi masa caa, wannan na cewa ƙaryar Turawa ce wancan na cewa ai don kanmu ya fi girma ne, wani ma ya ce kashi goma kawai na ƙwaƙwalwa muke amfani da shi. Gaskiya abin ya tsaya min a rai, saboda yaron tambaya mai kyau ya yi kuma ya tashi ba amsa.

Bari in faɗa tun yanzu, abin da zan kawo shi ne abin da masu tono tsofaffin ƙasusuwa da masu nazarin ƙwaƙwalwa suke cewa. Maganar aƙida da halittar Annabi Adamu (AS) tana da malamanta, ba ita na zo yi ba. Amma ko ƙin magana za ka yi, ka san me aka ce tukuna.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne "sun ce daga biri muka fito, to me ya sa sauran birai ba su zama mutane ba?" Ba haka suka ce ba fa. Abin da suke cewa shi ne mu da chimpanzi kaka ɗaya muka haɗa, wanda ya rayu wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, daga nan kowa ya kama gabansa, kamar ɗan wa da ɗan ƙane, kuma ba wanda zai tambaye ka me ya sa ɗan baffanka bai rikiɗe ya zama kai ba. Ɗaya daga cikin ƙoƙon kai mafi tsufa da ake dangantawa da ɓangarenmu ma a Chadi aka same shi, a hamadar Djurab a 2001, wani ɗan Chadi Ahounta Djimdoumalbaye da ke cikin tawagar Michel Brunet ne ya tsince shi, aka sa masa suna Toumaï. Ana ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, kuma cikin ƙoƙon bai wuce ya ɗauki kwalbar lemo ta 35cl guda ɗaya ba, namu kuwa kusan kwalba huɗu yake ɗauka.

A ƙarƙashin wannan kuskuren akwai wani da ya fi shi ɓoyewa, wato a ɗauka dabbobi duk tsani ɗaya suke hawa, mu mun kai sama su an bar su a baya. Kada ya fi shekara miliyan 80 a duniya da 'yar ƙwaƙwalwarsa kuma bai rasa abinci ba. Akwai kifin da ke zaune cikin kogunan duhu na ƙarƙashin ƙasa a Meziko da ya rasa idonsa gaba ɗaya, don ido a wurin asara ce. Abin da ya taimaki dabba ta ci ta haihu a inda take shi ne ke ɗorewa, wayo ɗaya ne kawai cikin hanyoyi.

To me zai hana kowace dabba ta yi wayon tunda yana da amfani? Nan ne mutane suke mantawa da kuɗin abin. Ƙwaƙwalwa kamar babban janareto ce, tana ba da wuta amma shan fetur ɗinta ba wasa. Ta babban mutum nauyinta kilo 1.3 zuwa 1.4 ne, kashi 2 cikin 100 na jiki kenan, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa ko kana kwance ba ka komai, a yaro ɗan shekara 4 zuwa 5 kuwa ta kan haura kashi 40 na duk abin da jikinsa ya ƙona a yini. Ga wahalar haihuwa, duk macen da ta yi naƙuda ta san kan jariri ne aikin. Kuma duk da haka ba a gama shi ba ake haifo shi, ka ɗora yatsa a hankali a maɗigar jariri ka ji wurin laushi yana bal-bal, ƙasusuwan kan ba su haɗe ba saboda ƙwaƙwalwar za ta ninka kusan sau uku zuwa huɗu nan gaba. Akuya ta haihu da safe, kafin hantsi ɗan ya miƙe yana bin ta, namu sai ya kusa shekara kafin ya taka, kuma shekara goma sha wani abu ana ciyar da shi. Dabbar da ba ta da yadda za ta biya wannan kuɗi, babbar ƙwaƙwalwa kashe ta za ta yi. Saboda haka in za ka gyara tambayar, ka ce ta ina kakanninmu suka samu abin biya.

Amsar da ta fi ƙarfi a abinci take. Nama da ɓargo, da duwatsu masu kaifi na yanka da fasa ƙashi, an samu irinsu a Gona ta Habasha masu shekara miliyan 2.6, a Lomekwi ta Kenya ma an samu na miliyan 3.3. A 1995 wasu masana biyu, Leslie Aiello da Peter Wheeler, suka kawo bayanin cewa hanji ma gaɓa ce mai tsada, da abinci ya yi inganci sai hanjinmu ya ragu rarar ta tafi kai. Sai girki. Gwada tauna ɗanyen dankali ka kwatanta da dafaffe za ka gane, wuta tana yi wa ciki rabin aikinsa, chimpanzi yana shafe awa biyar zuwa shida a rana yana tauna kawai, mu da ƙyar mu cika awa guda. Richard Wrangham na Harvard yana ganin girki ya fara tun wajen shekara miliyan 1.8, zamanin wani tsohon nau'in mutum da ake kira Homo erectus, sai dai tokar da aka fi yarda da ita, ta kogon Wonderwerk a Afirka ta Kudu, shekara miliyan 1 ce, shi ya sa har yau ake jayayya kan lokacin. Kar ka kawo maganar girki kamar an rufe babinta.

Wani kuskuren kuma, a ɗauka kai ne ya fara girma sannan komai ya biyo. Su kansu masanan sun faɗa wannan ramin, a 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila mai babbar ƙwaƙwalwa da muƙamuƙin biri, aka rungume shi saboda ya dace da abin da suke son gani, sai a 1953 aka gano haɗa shi aka yi, kan mutum da haɓar orangutan. Abin da ƙasa ta nuna akasin haka ne. Kwarangwal ɗin da aka sa wa suna Lucy, da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, da ƙafa biyu take tafiya alhali ƙwaƙwalwar irinta kaɗan ta ɗara ta chimpanzi, ga kuma sawun ƙafa da tawagar Mary Leakey ta gano a Laetoli ta Tanzaniya a 1978, an taka tokar dutse mai aman wuta shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Ƙafa ce ta riga, hannu ya samu sarari, kai ya biyo baya da nisa.

Shi kuma mai cewa don kanmu ya fi girma ne, to giwa fa? Tata ta kai kilo 4 da rabi zuwa 5. Wata 'yar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, ta samo dabarar narkar da ƙwaƙwalwa ta zama kamar kunu sannan a ƙirga ƙwayoyin jijiyarta masu kai saƙo, ta samu mutum na da kusan biliyan 86, giwa kuwa biliyan 257, ninki uku kenan. Sai dai kusan duka na giwa suna can a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya mai kula da motsin jiki, a ɓawon sama mai naɗe-naɗe inda ake tsara tunani biliyan 5.6 kawai gare ta, mu muna da 16. Ina aka zuba ƙwayoyin da yadda aka haɗa su shi ne zancen. Mutanen Neanderthal, wani nau'in mutane na da, da suka ƙare wajen shekara 40,000 da suka wuce tasu ta kai tamu ko ta ɗan fi, ta Einstein da aka auna giram 1,230 ce, ƙasa da ta yawancin maza. Don haka duk wanda ya zo maka da awon kai wai wata ƙabila ko wani launin fata ya fi wani basira, ka watsar, wannan tsohuwar ƙarya ce da aka yi amfani da ita aka zalunci mutane, mu baƙar fata mun fi kowa sanin haka.

Maganar kashi goma ba ta ma cancanci dogon bayani ba. Gaɓar da ke cin kashi 20 na abincinka ba za ta bar kashi 90 a kwance ba, kuma duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya ga yadda ɗan wuri kaɗan in ya taɓu magana ko hannu ke tafiya.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ce dabba ba ta da tunani sam. A 1960 Jane Goodall ta ga chimpanzi a Gombe ta Tanzaniya, ba tamu ta Najeriya ba, yana zage ganyen tsinke ya zura cikin suri ya zaro gara ya lashe. Na Fongoli a Senegal suna fiƙe sanda da haƙori su soki ƙananan dabbobi cikin kogon bishiya, hankakin tsibirin New Caledonia yana lanƙwasa ƙugiya da kansa, kuma a 2007 wani matashin chimpanzi mai suna Ayumu a cibiyar binciken birai ta Jami'ar Kyoto a Japan ya doke ɗaliban jami'a wajen tuna inda lambobi suke a allon kwamfuta bayan an haska su na ɗan ƙiftawar ido.

To in haka ne ina bambancin yake? Wannan ne wurin da na fi so a tsaya, don nan ne kusan kowa ke kuskure, muna auna mutum ɗaya da biri ɗaya. A 2007 masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Leipzig ta Jamus sun yi wa yara 105 'yan shekara biyu da rabi da chimpanzi 106 jarrabawa iri ɗaya. A abin da ya shafi gane wuri da yawan abu da amfani da kayan aiki kusan kunnen doki aka yi. Inda yaran suka yi musu fintinkau shi ne koyo daga wani, a nuna musu yadda ake buɗe abu su kwaikwaya, a nuna da yatsa su gane me ake nufi.

Ka duba daddawa. Na sha zama ina kallon kakata tana yi, a dafa kalwa ta kwana a wuta, a surfa a wanke a cire ɓawon, a sake dafawa, a rufe a ajiye kwanaki har ta yi wannan warin, sannan a daka a shanya, kuma in ka tambaye ta me ya sa ake rufewa haka sai ta ce haka ta ga uwarta na yi. Wallahi a ba farfesa ɗorawa a daji bai taɓa gani ba, zai ƙare rayuwarsa bai ƙirƙiro daddawa ba. Ba mutum ɗaya ya yi ta ba, wata ta gano abu kaɗan, 'yarta ta riƙe ta ƙara, haka har ta iso tukunyarmu. Chimpanzi na dajin Taï a Kwaddibuwa suna fasa ƙwallon itace da dutse, an tono duwatsun da kakanninsu suka yi aiki da su shekara 4,300 da suka wuce, kuma yadda ake yi a lokacin haka ake yi yau. Ɗan yana shekaru yana kallon uwar yana dukan banza kafin ya iya, ita kuma ba ta da bakin da za ta ce masa juya dutsen ta nan. Mu muna da harshe, muna koyarwa da gangan, kuma wancan dogon yarintar da na ce tsada ce ita ce lokacin makarantar.

Shi ya sa in aka ce maka abu ɗaya ne sila, wuta ce kawai ko harshe ne kawai, kar ka karɓa. Wani masani Robin Dunbar ya nuna a cikin birai duk wanda garkensa ya fi yawa ɓawon ƙwaƙwalwarsa ya fi girma, saboda zama da jama'a lissafi ne, wa ke bin ka bashi, wa zai ci amanarka. Haɗin kai ya kawo nama, nama ya ciyar da ƙwaƙwalwa, ita ta riƙe dabarun da aka gada, dabarun suka ƙaro abinci, jaririn da ba ya iya komai ya sa dole kaka da goggo su sa hannu a reno, kowanne na tura ɗan uwansa, ga yanayin gabashin Afirka da ke ta juyawa tsakanin damshi da fari yana tace wanda ya iya sauya dabara.

Kuma abin a hankali ya tafi. Gatarin dutse mai siffar ganye da Homo erectus ya fara sassaƙawa wajen shekara miliyan 1.7 da suka wuce ya fi shekara miliyan guda ana yin sa kusan iri ɗaya. Ƙasusuwa mafi tsufa da ake dangantawa da irinmu, na Jebel Irhoud a Maroko, shekara 300,000 ne kuma girman ƙwaƙwalwarsu kusan ɗaya da tamu, amma noma bai wuce shekara 12,000 ba, rubutu kuwa 5,000 da 'yan kai. Tsakanin wanda ya fara shuka alkama a Gabas ta Tsakiya da wanda ya ƙera wayar da ke hannunka ƙoƙon kai bai ƙaru da komai ba, yawan mutane da yawan abin da suka tara suka miƙa wa juna ne suka ƙaru.