Yadda zaka samu taya ga tsohuwar motar jan kaya ta kamfani

Jama'a masu irin ƙananan taraktocin nan na jan tirela, waɗanda ake gani filin jirgi ko cikin sito ko wajen masu siminti can Kalambaina, irinsu Clark da Lansing Bagnall na da, in taya ta mutu kada ka shiga kasuwa kana faɗin sunan motar. Wallahi ba wanda zai gane mi kake nufi, sai dai a ce maka babu. Lamba ake bi.

Ka duƙa gefen tayar ka goge ƙura da tsumma, zaka ga wani abu kamar 6.50-10 ko 7.00-12 ko 6.00-9. Ta farko faɗin taya ce a inci, ta biyu girman wili. In rana ta cinye rubutun to duba farantin ƙarfen da ke kusa da kujerar direba, ko jikin wilin kanshi, galibi an buga lamba irin 5.00F. Kusan duk waɗanga lambobi na tayar fokalif ne, motar ɗaga kaya, don haka ita zaka tambaya kai tsaye. Wasu kuma suna biyu garesu, 8.15-15 ita ce dai 28x9-15, kada wani ya ruɗe ka.

Akwai kuma PR da ke biye da lamba, 10PR ko 12PR ko 14PR, wannan ƙarfin ɗaukar nauyi ne, kada ka sauka ƙasa da wanda ka cire. Nan mutane ke yin arha mai tsada, sai mutum ya ga wilin gaba inci 8 ne ya ce ai tayar keke napep 4.00-8 zata shiga, ƙila ta shiga ɗin amma motar nan ƙarfe ne zalla da gangan anka yi mata nauyi don ta iya ja, sati guda tayar ta kumbura.

Wajen nema, fara da gida, ka zagaya Buzaye, wurin makanikai nan Sakkwato, ka tambayi masu gyaran manyan motoci wa ke kawo tayar fokalif. In ba a dace ba sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka ta Kaduna, in ta ƙure Legas. Tun da Michelin sunka rufe masana'antarsu ta Najeriya a 2007, Dunlop a 2008, kusan komi daga waje yake zuwa, shi yasa kuɗɗin ke bin dala. Ka tura ma mai sayarwa hoton lambar da na wilin ta WhatsApp, shi ma ya turo maka na tashi tayar kafin ka tura ko sisi. A hoton nashi ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar in akwai, 2319 na nufin sati na 23 na 2019. In uku ka gani tun kafin 2000 anka yi ta, bar mishi kayanshi ko da zanenta sabo fil ne, zafin Sakkwato na watan Afrilu baya raga ma tsohuwar roba.

Tif da filaf (robar da ake sawa tsakanin tif da wili) sababbi zaka saye tare, kuma bawul ɗin tif ya zama mai lanƙwasa in irinshi ka cire, in ba haka ba bakin famfo ba zai kai gareshi ba. Wasu na son solid, wadda roba ce cunkus babu iska, ni dai ina ganin ta fi in cikin kamfani ne inda ƙusa da guntayen ƙarfe ke zube, ba faci ba komi. Amma tana da tsada, sai da injin matsi ake sa ta, tana jijjiga tsohuwar mota, kuma in tafiya mai nisa ce bisa kwalta zafi take ɗauka. Ga yashi kuwa mai iska ta fi.

Yanzu ga wanda ke kashe mutane. Wilin waɗanga motoci yawanci biyu ne a haɗe da noti, wasu kuma masu zobe ne. Kafin a taɓa ko noti ɗaya a zare allurar bawul iska ta fita tas, don notocin da ke riƙe da wilin kusa suke da na cire ƙafa, yaron mai faci na iya kwance waɗanda ba su ba wili ya tashi da shi. Wajen bada iska a ɗaure tayar da sarƙa ko a sa ta keji, kowa ya koma gefe, kada mai faci ya zauna bisa kamar yadda sunka saba da tayar mashin. In wilin ya tsage ko tsatsa ta ci ramukan noti kada ka yarda a yi mishi walda, aika lambarshi ga wanda ya sayar maka da taya ya haɗo maka da wani.