Yadda na gyara awon moter ɗin famfo bayan na ƙona ƙofa ɗaya

'Yan uwa, moter ɗin famfon gonar kawuna a Mirriya ne, mai 24V, na ce bari in ga kuran nawa yake ci. Katin awona na USB, wanda ake jonawa da kwamfuta don auna kuran, iyakarsa 10V, ni kuma da gaggawa na jona wayar kai tsaye, kwamfuta tana jone da kuran ɗin bango, sai ƙauri kawai na ji, ƙofa ɗaya ta katin, inda ake jona waya, ta ƙone. Wallahi laifina ne.

Da na koma Damagaram na zauna na sake lissafi. Na jera rezistans biyu, masu rage ƙarfin kuran, 30k da 10k, to 24V ta dawo 6V, katin ya ɗauka lafiya lau. Amfer kuwa ban ƙara yarda ya bi ta katin ba, wata 'yar na'urar awon amfer mai suna ACS712 ta 20A na sa, ita da maganaɗisu take awo, ɓangaren moter daban na kati daban. In babu kuran da ke bi ta cikinta tana ba da 2.5V, kowane amfer ɗaya ya ƙara 100mV.

Na sa fizibil mai yanke kuran in ya yi yawa, na cire caja na bar kwamfuta kan batir. Lokacin tashi moter yana jan ninkin abin da ke rubuce jikinsa, shi ne ma na gane abin da ke kashe mana batir ɗin famfo da asuba.