Yadda ƙungiyar masu shiga kogo za ta sayi kogo ta kuma iya riƙe shi

A gabashin Amurka yawancin kogwanni suna ƙarƙashin filaye da gonakin mutane ne, kuma dokar tarayya ta 1988 da ke kare kogwanni ba ta aiki sai a kan filayen gwamnatin tarayya. Saboda haka kogon da aka daɗe ana shiga da yardar wani manomi yana iya rufuwa ranar da magadansa suka sayar da gonar. Wannan ne ya sa masu shiga kogo suka koma saye da kuɗinsu. Ƙungiyar National Speleological Society, wadda aka kafa a 1941, ta sayi kogon Shelta a birnin Huntsville na jihar Alabama a 1967, sannan ƙungiyoyi irin su Indiana Karst Conservancy da aka kafa a 1986 da Southeastern Cave Conservancy da aka kafa a 1991 suka biyo baya. Duk mai son bin sahunsu ya kamata ya san tun farko cewa kuɗin saye wani ɓangare ne kawai na abin da zai tara.

A fara da kafa ƙungiya mai rajista, domin kogon da aka saya da sunan mutum ɗaya, komai amanarsa, zai shiga rabon gado wata rana. Ana yin rajistar a jiha a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, sannan a nemi hukumar haraji ta tarayya ta amince da ita a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji, wanda ya shafi ƙungiyoyin taimakon jama'a. Da wannan amincewa mai ba da gudummawa yana iya samun rangwamen haraji, haka ma mai filin da ya sallama a ƙasa da farashin kasuwa, tunda ana iya ɗaukar ragin da ya yi a matsayin kyauta. A kuma rubuta a cikin kundin ƙungiyar inda kadarorinta za su koma idan ta rushe.

Daga nan sai a tabbatar da abin da ake shirin saya, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin gaggawa. A dokar Amurka mai fili shi ne mai abin da ke ƙarƙashin filinsa, wato wanda ya sayi bakin kogo bai mallaki hanyoyin da suka ratsa ƙarƙashin maƙwabta ba. Shari'ar kogon Great Onyx a jihar Kentucky ta nuna haka: a 1929 kotu ta yarda a shiga a auna kogon bisa ƙorafin wani maƙwabci, aka gano kusan kashi ɗaya cikin uku yana ƙarƙashin filinsa, kuma a 1936 aka umarci mai bakin kogon ya ba da kaso daga ribar da ya samu ta hanyar kai masu yawon buɗe ido. Don haka a ɗora taswirar kogon a kan taswirar iyakokin filaye, a ga abin da zai shigo hannu da abin da zai rage a waje. Sayen bakin yana da amfani ƙwarai, domin mai baki shi ke cewa wane ya shiga wane kada ya shiga, amma ikonsa bai wuce nan ba.

Abin da ya fi taswira muhimmanci shi ne ruwa. Yawancin kogwanni ruwa ne ya narkar da dutsen farar ƙasa ya haƙa su, kuma har gobe ruwan sama yana zurarawa cikinsu ta ramuka da tsagogi ba tare da ƙasa ta tace shi sosai ba. Domin sanin inda ruwan ke fitowa, masana kan zuba rini marar lahani a wani ramin da ke shanye ruwa, su ɗaura ƙananan jakunkuna na gawayi a maɓuɓɓugai da rafukan cikin kogon, bayan kwanaki su kwashe su zuwa ɗakin gwaji a duba wadda ta kama rinin. Sau da yawa sakamakon yakan nuna cewa ruwan yana tasowa ne daga wuri mai nisan kilomitoci, a bayan wani tudu da ba wanda ya yi zato. Kogon Hidden River da ke tsakiyar garin Horse Cave a Kentucky an rufe shi a 1943 saboda ƙazantar gari da ke malala ciki, kuma bai farfaɗo ba sai bayan da aka sauya tsarin zubar da ƙazantar a 1989. Babu ƙofar ƙarfen da za ta hana irin wannan ɓarna, kuma a ganina ƙungiyar da ta gano cewa ruwan kogonta yana bi ta ƙarƙashin bola ko matattarar ƙazanta gara ta sake lissafi kafin ta biya ko sisi.

Ciniki da mai fili yakan ɗauki shekaru, kuma yawanci wanda ya saba neman izini, ya rufe shinge bayan ya wuce, ya kawo wa mai gonar hotunan abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, shi ake fara gaya wa idan za a sayar. Idan magana ta yi nisa, a ɗauko ƙwararren mai ƙiyasta darajar fili, a ɗauko safiyo ya buga iyaka, a sa lauya ya bi tarihin takardun mallaka. A yankunan kwal da iskar gas lallai ne lauyan ya duba ko an taɓa sayar da haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa daban, domin ana iya mallakar saman fili alhali wani kamfani ne ke da ikon haƙa. A kuma tabbatar da hanyar shiga a rubuce daga titin gwamnati zuwa bakin kogon, da wurin ajiye motoci. Tunda kuɗi ba ya taruwa a rana ɗaya, akan biya ɗan kafin alƙalami a ƙulla yarjejeniyar da ke hana mai filin sayar wa wani har zuwa wa'adin da aka yanke. Wanda ba ya son rabuwa da filinsa kuwa ana iya karɓar haya a hannunsa, ko a rubuta yarjejeniyar kiyaye muhalli da ke bin filin ko da ya sauya hannu.

Kafin a ƙaddamar da gidauniya, a haɗa lissafi gaba ɗaya: farashin fili, ladan lauya da safiyo, inshora, harajin fili idan ba a yafe ba, gyaran hanya, da wani asusu na dabam wanda ribarsa za ta riƙa ɗaukar nauyin kula da wurin kowace shekara. Wannan asusu na ƙarshe shi ne mafi wuyar tarawa, domin mutane suna ɗokin ba da kuɗi a ceci kogon da ake shirin sayarwa, amma ba wanda jininsa ke tafasa saboda kuɗin inshora na shekara ta biyar. Dabarar ita ce a sa shi cikin adadin da aka sanar tun ranar farko. Yana da kyau kuma ’yan kwamitin amintattu da manyan masu hannu da shuni su yi alkawarinsu kafin a fito fili, don jama'a su tarar da asusun ya riga ya yi nisa.

Southeastern Cave Conservancy, wadda ta sayi ramin Neversink mai zurfin ƙafa 162 a Alabama a 1995, ta yi amfani da wata hanya mai jan hankali, inda ake raba taswirar kogo gida-gida, kowa ya biya ya “sayi” yanki na girmamawa da za a danganta da sunansa, alhali mallakar tana hannun ƙungiya. Ana kuma yin gwanjon igiyoyi, fitilu da tsofaffin taswirori a tarukan shekara, ko wani mai hali ya yi alkawarin ƙara dala a kan kowace dalar da aka bayar. Amma abin da ke ba ƙungiya ƙarfin karɓar bashi ta sayi fili cikin gaggawa shi ne mutanen da suka yarda a riƙa cire ɗan abu kaɗan daga asusunsu kowane wata. Idan aikin ya fi ƙarfin masu shiga kogo, sai a nemi abokan tafiya: a 2014 birnin San Antonio, da ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, da ƙungiyar kare jemagu ta Bat Conservation International suka haɗa hannu aka sayi eka fiye da 1,500 kusa da kogon Bracken a Texas kan dala miliyan 20.5, aka hana gina gidaje a hanyar miliyoyin jemagun da ke zama a kogon.

Bayan ciniki ya faɗa, a rubuta tsarin kula da wurin, a naɗa mutum ɗaya mai zama kusa ya zama wakili, a ƙayyade yawan masu shiga a rana ta hanyar takardar izini. Jihohin Amurka suna da dokokin da ke rage alhakin mai fili idan ya bar mutane su shiga don shaƙatawa kyauta, kuma karɓar kuɗin shiga na iya zubar da wannan kariya, saboda haka a tambayi lauya kafin a sa farashi. Kada a yi saurin kafa ƙofa. Bangaye da ƙofofin da aka gina a da sun toshe iska, sun sauya zafin kogo, sun kori jemagu, shi ya sa yanzu ake yin ƙofar da sandunan ƙarfe a kwance, da tazarar inci biyar da kwata uku a tsakaninsu, wadda jemage ke ratsawa a tashi amma babban mutum ba ya iya kutsawa. Tun da aka ga cutar farin hanci ta jemagu a jihar New York a 2006, wadda wani naman gwari ke haddasawa kuma ta kashe miliyoyinsu, ya zama dole takardar izinin ta wajabta wanke kaya da takalma tsakanin kogo da kogo, a kuma rufe wurin a watannin da jemagu ke barcin hunturu ko suke renon ’ya’yansu.