Yadda za ka riƙa kula da shafin zane-zanenka daga rikodin situdiyo

Buɗe shafi a intanet don nuna ayyukanka abu ne mai sauƙi yanzu, wahalar tana wajen riƙe shi. Sai ka ga an sayar da zane tun watannin baya amma shafi yana cewa yana nan, ko awon da ke shafi ya saɓa da wanda aka rubuta wa mai saye, kuma irin wannan yana zubar da girman mai zane sosai a idon masu galari, wato wuraren da ake baje zane-zane ana sayarwa. Maganinsa dai ka ajiye rikodi guda ɗaya tak a situdiyo, wato rubutaccen jerin ayyukanka, duk abin da zai fito a shafi daga can za a ɗauko shi, duk gyara ma a can ake farawa.

Fara da bai wa kowane aiki lamba. Shekara sai lambar jeri ya wadatar, kamar 2024-017, ka rubuta ta da fensir a bayan takarda ko a jikin katakon da aka ɗaure kyallen. Suna yana canzawa, kuma za ka iya samun ayyuka goma duk sunansu "Mara Suna", amma lamba ba ta canzawa. Ko aikin ya lalace kar ka bai wa wani lambarsa.

Sai ka buɗe tebur a Excel ko Google Sheets, layi ɗaya aiki ɗaya. A sama ka jera lamba, suna, shekara, abin da aka yi shi da shi (fentin mai a kan kyalle, gawayi a kan takarda, da sauransu), sai awo. A duniyar zane tsayi ake fara rubutawa sannan faɗi, in sassaƙa ne a ƙara kauri, to ka tsaya a kan haka, kuma ka zaɓi santimita ko inci kar ka riƙa cakuɗawa. In bugu ne mai kwafi da yawa sa lambarsa, 3/10 wato na uku cikin goma. Sai wurin halin da aikin ke ciki: yana nan, an sayar, yana galari, an ba da aro. Kalmomin nan ka riƙa rubuta su iri ɗaya kullum, don kwamfuta ba ta san "an sayar" da "ya sayu" abu ɗaya ba ne. Na ƙarshe kuma shi na fi ba muhimmanci, wurin da za ka rubuta eh ko a'a, a fito da shi a shafi ko kar a fito. Ba kowane aiki ne ya kamata duniya ta gani ba, ayyuka ashirin masu ƙarfi sun fi ɗari da ka zuba don kawai suna nan.

Don Allah sunan mai saye, lambar wayarsa da nawa ya biya, ka raba su da wannan teburin gaba ɗaya, su zauna a wani fayil daban, lambar aikin ce kawai za ta haɗa su. Rana ɗaya cikin gaggawa za ka iya loda komai har da sirrin mutane, kuma abin da ya hau intanet janye shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu hotuna. Sunan kowane hoto ya fara da lambar aikin, 2024-017_gaba.jpg, 2024-017_kusa.jpg, ba IMG_4432 da kamara ta ba shi ba. Babban na asali, TIFF ko RAW, ka adana shi kar ka taɓa, sai ka fitar da ƙarami na JPEG mai kamar pikzel 2000 a gefe mafi tsawo don shafi ya riƙa buɗewa da wuri a waya. Ka tabbatar launin yana kan sRGB, in ka bar shi a Adobe RGB wasu na'urorin za su nuna maka jan da ka sha wahala a kansa ya koɗe. A tebur kuma ƙara wuri na gajeren bayanin abin da ke cikin hoton, shi manhajar makafi ke karanta musu, Google ma yana amfani da shi.

Wajen lodawa, in ayyukan ba su da yawa kwafe su da hannu daga tebur ba laifi. In suna da yawa sai ka tace masu "eh" kaɗai ka fitar da su a matsayin CSV, wato fayil ɗin tebur na zallar rubutu, dandalin gina shafi na Wix yana karɓa, na WordPress ma yana karɓa ta hanyar ƙaramar manhajar WP All Import, sai ka nuna masa ya riƙa gane kowane aiki da lambarsa don ya sabunta tsohon maimakon ya ninka maka shi. A Excel zaɓi "CSV UTF-8", in ba haka ba ɗ da ƙ da ɓ na iya komawa alamar tambaya. Akwai manhajoji na kuɗi irin Artwork Archive da Artlogic da suka haɗa rikodi da shafi wuri ɗaya, amma su ma sai da tsaftataccen rikodi suke amfani.

Daga nan ranar da aiki ya sayu ko ya tafi baje koli, kafin ma a naɗe shi ka gyara tebur, sannan shafi. Sau ɗaya a wata ka buɗe shafin a wayarka tebur yana gefe ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kwafe teburin da foldar hotuna zuwa wani faifan ajiya, wani kwafin kuma a Google Drive ko Dropbox.