Kurakuran da masu tattaki ke yi a tsohon layin dogo na Monsal

Duk wanda karatu ko aiki ya zaunar da shi a Manchester, Sheffield ko Derby, ba zai daɗe ba sai wani ya ce masa su je Monsal ranar Asabar. Turba ce mai tsawon mil 8.5, wato kusan kilomita 14, a gandun Peak District da ke Derbyshire a Ingila. Asalinta layin dogo ne na kamfanin Midland, wanda aka buɗe a 1863 don haɗa Manchester da Landan. Jirgi ya daina bi a 1968, aka kwashe ƙarafuna, sannan a 1981 aka buɗe wa masu tafiya a ƙasa da masu keke da mahaya dawaki. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, magina sun fasa tsaunuka sun ɗora gadoji a kan kwaruruka, hanya ta fito a shimfiɗe kamar tabarma. To wannan shimfiɗar ce take ruɗin mutane, domin ƙasar da layin ya ratsa ƙasar dutse ce mai kwazazzabai, kuma yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Na farko shi ne lissafin nisa. Mutum ya ji an ce kilomita 14 sai ya ce ai wannan ba komai, ya manta cewa layin dogo ba ya zagayowa. Idan ka tashi daga Bakewell ka kai ƙarshe a Blackwell Mill, ka ci sa'o'i uku da rabi zuwa huɗu, kuma motarka tana can inda ka baro ta. Komawa a ƙasa ya mai da tafiyar kusan kilomita 28. Wasu kuma suna zaton turbar ta shiga har cikin garin Buxton inda akwai tashar jirgi, alhali tana ƙarewa ne a cikin kwari, da sauran 'yan kilomitoci tsakaninta da garin. Gyaran shi ne tun daga gida ka yanke inda za ka juya, ko ka duba lokacin motar bas ta ƙarshe, musamman ranar Lahadi da ake rage su. Ba dole ba ne a ƙure ta. Kashin farko daga Bakewell zuwa Hassop gonaki ne da makiyaya; ainihin abin kallon yana farawa ne daga ramin Headstone, inda aka huda wa jirgi hanya ta cikin tsauni, zuwa yamma. Mai ƙarancin lokaci ya fara daga tsohuwar tashar Millers Dale, wadda ke da wurin ajiye mota da makewayi.

Sai takalmi, kuma a nan nake so in daɗe. Saman turbar a daddaɓe yake, kowane kambas zai yi. Amma kusan ba wanda ke zuwa ya tsaya a kan layin kawai. Za ka hango kogin Wye a ƙasa, ka ga 'yar siririyar hanya ta gangara, ranka ya biya. Dutsen wannan yanki dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka da Malbaza don yin siminti. Halinsa shi ne idan ƙafafu suka daɗe suna taka shi sai ya goge ya yi sumul, idan kuma ya jiƙe sai ya zama kamar an shafa masa sabulu. Ko ruwan sama bai sauka ba, raɓa da inuwar kwari sun isa. Na sha ganin mutane da takalman zuwa ofis suna rarrafe da hannu a gangaren Chee Dale, wasu da yara a kafaɗa, abin ba daɗin gani. A nemi takalmi mai kaushin ƙasa wanda ya riƙe idon sawu. A gangara kuwa a gajarta taku, a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, a guji dutsen da ke ƙyalli, a taka inda yake da kaushi ko tsakuwa.

A wannan kwarin na Chee Dale akwai wurin da hanya ta ƙare a gindin wani bangon dutse, aka jera manyan duwatsu a cikin kogin don a riƙa takawa. Da rani abin sha'awa ne. Bayan an kwana ana ruwa kuwa kogin yakan shanye su. Kuskuren shi ne a ce tunda an zo nan sai an wuce. Idan ruwa ya hau kan duwatsun, a juya a koma kan layin, babu abin kunya a ciki. Haka hanyar bakin ruwa da ke kusa da Cressbrook takan cika ta zama taɓo.

Ramukan jirgin su ma ana raina su. Guda shida ne a kan turbar, huɗu daga ciki dogaye: Headstone, Cressbrook, Litton da Chee Tor. A rufe suke shekara da shekaru, sai a 2011 aka gyara su aka sa fitilu. Headstone ya kai mita 487. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne fitilun na rana ne kawai, da magariba ake kashe su. A watan Disamba kuwa rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a wannan yanki, kuma cikin kwari duhu yakan riga haka. Wasu ramukan a lanƙwashe suke, ba ka hango hasken ƙarshensu. Saboda haka tocila ta gaske ta zauna a jaka, kada a dogara da ta waya, don batirin waya ba ya jimirin sanyi. Cikin ramin akwai sanyi ko a tsakiyar bazararsu, ruwa yana ɗiga daga sama, ƙara tana amsa kuwwa har ba ka gane ta ina keke ke tahowa. A kama gefen hagu, a riƙe hannun yara, kada a jeru mutum biyar a tare hanya ana hira, abin da mu kam mun iya shi idan muka haɗu.

Ruwan sha ma wani abu ne. Dutsen farar ƙasa yana da tsagogi, ruwan sama yana zurarewa ƙarƙashin ƙasa maimakon ya gudana a sama, shi ya sa kan tudu ba ka samun rafi, har manoma suka riƙa gina ƙananan tafkuna masu da'ira don dabbobinsu. Kogin da ke ƙasa kuwa, duk da garau ɗin da yake, ya ratso garin Buxton da makiyayar tumaki, ba na sha ba ne. A ɗauki ruwan da zai isa sha da alwala. Da sanyi azahar da la'asar da magariba duk suna faɗawa cikin sa'o'i huɗu ko ƙasa da haka, wato dukkansu za su iya samunka a kan hanya. 'Yar dardumar leda mai naɗewa ta fi ta auduga amfani, don ciyawar ba ta rabuwa da lema.

Wanda ya tashi cikin shanu yakan ɗauka ya san su, sai dai shanun nan ba makiyayi a tare da su, kuma saniya mai ɗan maraƙi takan taso wa mutum, balle idan akwai kare. A zagaye garke daga nesa, kada a ratsa tsakanin uwa da ɗa. Ƙyauren gona a bar shi yadda aka same shi. Kada kuma a haura katangun dutsen nan da aka jera ba tare da siminti ba. Akwai matakala da aka tanada. Yankin yana da tsofaffin ramukan haƙar darma, don haka barin hanya a yanki daji ba dabara ba ce. Sabis na waya yana ɗaukewa a kwari, a sauke taswira tun a gida ko a sayi ta takarda mai lamba OL24. Idan hatsari ya faru a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa na masu sauri ne, waɗanda ke sunkuyar da kai su ƙure turbar don agogon hannu ya ƙirga musu taku. Suna wuce manyan matoyan farar ƙasa na Millers Dale ba su ɗaga kai ba. Suna wuce bangon da aka fasa wa jirgi, alhali a jikinsa akwai burbushin halittun ruwa, domin fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce wannan wuri ƙasan wani teku ne mai ɗumi. A duba da ido, a ɗauki hoto, kada a sa guduma, kuma kada a tsinki furanni. A ƙasa can akwai masaƙar auduga ta Litton da aka kafa a 1782, wadda ta yi ƙaurin suna wajen azabtar da marayun da aka kwaso daga Landan don su yi aiki. Yanzu gidajen zama ce, amma wanda ya san labarin ba zai wuce ta ba tare da ya ɗan tsaya ba.

Ita kuma gadar Headstone mai baka biyar, wadda hotonta ne ya jawo yawancin mutane, ba a ganinta daga kanta. Mutane da dama sun taka ta sun wuce suna tambayar ina take. Daga bakin ramin akwai hanya mai tsayi da ta hau zuwa Monsal Head, tafiyar kamar minti goma zuwa sha biyar ce mai sa haki. Daga can sama ne gadar da lanƙwasar kogin da kwarin gaba ɗaya suke bayyana. A hau da sauran rana, don a sauko a ratsa ramin kafin a kashe fitilu.