Ciwon bayan da ya ƙi tafiya: ta ina mai aikin zama zai fara neman magani

Duk wanda aikinsa na zama ne, ofis ne ko banki ko shagon POS ko dai gaban kwamfuta, ya san yanda abin nan ke farawa. Da farko kwankwaso ne zai riƙa riƙewa wajajen la'asar, ka miƙe ka ɗan yi miƙa ya saki, a hankali ya koma kullum, har ta kai ruku'u ma sai ka dafa gwiwa da dabara kafin ka ɗago. To in ya wuce wata 3 yana damunka, ya shiga layin abin da likitoci ke kira ciwon baya mai daɗewa, kuma ba kai kaɗai ba ne ɗan'uwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum wajen miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yawancinmu kemis muke fara nufa a ba mu haɗi, ko a ce ai basir ne ko sanyi, a yi ta ɗirkar jiƙe-jiƙe shekara da shekaru. Su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, ba ƙarya, amma shan su kullum babu ƙa'ida yana jawo olsa kuma yana taɓa ƙoda, mai juna biyu ma kar ta sha sai da izinin likita. Shi kuwa tramadol don Allah ka yi nesa da shi, mutane nawa ne suka fara da sunan ciwon baya yanzu ba sa iya wuni ba su haɗiya ba.

Matakin farko shi ne ka je asibiti ka ga likita, ba don komai ba sai don a tabbatar ba wani babban abu ne ya ɓuya a ƙarƙashi ba. Akwai alamomin da ba a kwana da su: fitsari ko bayan gida ya riƙa kufce maka ko fitsarin ya ƙi fita, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da mazaunai sun mutu ba ka jin taɓi, ko ƙafa ta fara rauni kana jan ta. Wannan a ranar ake tafiya asibiti ko da tsakar dare ne, domin jijiyoyi ne aka danne kuma jinkiri na iya barin nakasa. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko zufar dare, ko ba ya lafawa ko ka kwanta, ko bayan faɗuwa ko hatsari ne ya fara. A ƙasarmu a tuna tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya. Mai sikila shi ma ya faɗa wa likita tun farko.

Kafin ka shiga ɗakin likita ka shirya bayaninka, don layi da tsawo kuma lokacin da za a ba ka kaɗan ne. Yaushe ya fara, daidai ina yake, yana saukowa ta ɗuwawu har ƙafa ko a'a, zama ne ke tada shi ko tsayuwa, sannan ka zuba kwalayen duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har na gargajiya kar ka ɓoye.

In likita ya duba ka ya ce ba sai an yi hoto ba, kar ranka ya ɓaci ka ce bai san aikinsa ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon baya ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta, kuma mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba in aka yi musu MRI, wato hoton da ke nuna cikin baya, za a ga faifan tsakanin ƙasusuwansu ya ɗan turo. Sai ka kashe kuɗi masu yawa, ka karanta sakamako ka tsorata, ka daina motsi, ciwon ya ƙaru.

Abin da za ka roƙa shi ne a tura ka wajen likitocin gashin ƙashi, wato fisiyo. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, duk suna da wannan sashen, in kana da inshorar lafiya ta wajen aiki ka tambaya ko tana ɗaukar nauyi. Amma fa ka sani, kwanciya a saka maka na'urar ɗumi a baya daɗi ne na ɗan lokaci kawai, ainihin maganin yana cikin atisayen da za su koya maka ka je gida ka riƙa yi. Misali ka kwanta rigingine a kan tabarma, ka lanƙwasa gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama a hankali ka riƙe ka ƙirga biyar ka sauke. Ko ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, ka saki ka jawo ɗayar. Da sauƙi a ido, nacin yinsa kullum na tsawon makonni ne ke gagarar mutane. A ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa motsa jiki da wayar da kan mara lafiya a gaba, ta ce a guji ɗaura bel ɗin baya da magunguna dangin tramadol. Kwanciya wuni guda ma ba ta taimakawa, ƙara sandarar da bayan take.

Sai wajen aikin kansa. Ba sai ka sayi kujerar dubban ɗaruruwa ba, ka nannaɗe ƙaramin tawul ka sa a lanƙwasar ƙasan bayanka, ƙafafu su taka ƙasa sosai, laftof ɗin ka ɗora shi kan littattafai har saman allon ya zo daidai idonka sannan ka nemi kibod na daban. Ka cire walat daga aljihun baya. Mafi muhimmanci dai kar ka daɗe a zama ɗaya, duk bayan minti 30 zuwa 40 ka miƙe ko da tsayuwa ce ka amsa waya, ka taka zuwa teburin abokin aiki maimakon tura saƙo, da yamma ka yi tattaki na minti 20 ko 30. Rashin barci da yawan damuwa su ma suna ƙara ciwon, wannan ba camfi ba ne.

In ka yi wata biyu zuwa uku kana bin wannan tsarin tsakani da Allah ba sauƙi, ko ciwon da ke sauka ƙafa yana ƙaruwa, ka koma wajen likita a tura ka ga ƙwararren ƙashi ko na jijiya, a lokacin ne hoto zai yi amfani. Tiyata mutane ƙalilan ne ke buƙatarta, in an ce za a yi maka kuma ba na gaggawa ba ne, ka nemi jin ta bakin likita na biyu kafin ka sa hannu.